Gonaki Sittin, Suna Ɗaya

Akwai wani dattijo mai suna Uzairu a Hillar Mato, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi tsakanin Sinja da Abu Na'ama. Mutum ne wanda in ka gaishe shi da fara'ar da ta fi ta jiya, sai ya wuni yana tunanin abin da kake nema a wurinsa. In ya sayi buhun taki, a gaban mai shago yake kwance shi ya zura hannu har ƙasa. Matarsa ma ta gaji ta daina ba shi labarin unguwa, don kafin ta kai ƙarshe ya jefo mata tambaya goma.

Shi ne samad na ƙauyen, wato mai rabon ruwa. Shi ke buɗe wa kowace gona ruwa daga babbar magudanar da ta taso daga kogi, shi ke rufewa. Amma akwai wani nauyi a wuyansa da ya fi wannan.

Gonakin ƙauyen sittin ne. A takardar hukuma kuwa, dukkansu sunan mutum ɗaya suke ɗauke da shi.

Ga yadda abin ya samo asali. Lokacin da aka yanka gonakin, zamanin mahaifin Uzairu, an ce ba za a rubuta wa kowa ba sai mai jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Mutanen ƙauyen jikokin waɗanda suka taso daga Sakkwato ne. A nan aka haife su, a nan aka binne iyayensu, amma in sun je ofis sai a yi ta juya su ana tambayar asalin kakan kakansu. Mahaifin Uzairu kaɗai ya samu takardar. Sai dattawa suka ce a rubuta duka da sunansa. Aka taru a ƙofar masallaci aka shafa Fatiha, kowa ya kama gonarsa. Da tsohon ya rasu, sunan ya dawo kan Uzairu.

Daga baya da yawa sun samu jinsiyya, amma ba wanda ya so a tada maganar. A Hillar Mato, abin da aka shafa wa Fatiha ya zauna ke nan. Takarda kuwa, a ganinsu, ba ta taɓa shigowa gari da alheri ba.

Ana nan sai injinan da ke ɗebo ruwa daga kogi suka mutu. Babur ake ce musu a can. Tun suna tari suna tashi, har suka yi shiru gaba ɗaya. Shekara biyu magudana a bushe, kogi na wucewa a gaban idonsu. Samari suka fara tarkata kaya, wasu Khartum, wasu wurin haƙar zinariya.

Wata safiya mota ta tsaya a gindin darbejiyar masallaci. Wata mata ta fito cikin farin lulluɓi irin na ma'aikatan gwamnati, da jaka cike da takardu. Sunanta Ustaza Hanaa, daga Sinja. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, sai Larabci, wanda kowa a ƙauyen yake ji.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo mata gahawa. Ta yi bayani a tsanake. Ta ce gwamnati ba ta da ƙarfin sayen sababbin injina, don haka an yi doka da ta ba da damar a nemo kamfani mai zaman kansa ya kawo injina ya kula da su, a riƙa raba amfanin gona da shi. Dokar ta ɗora wa hukumar da take wa aiki nauyin nemo kamfanin. Kuma ba a ɗaki za a zaɓe shi ba. Za a yi shela a jarida, kowane kamfani ya kawo tayinsa a cikin ambulan a liƙe, a buɗe su rana ɗaya a gaban wakilan manoma.

Har nan mutane suna gyaɗa kai. Sai ta ƙara da cewa kafin a yi shelar, doka ta ce sai an rubuta sunan kowane manomi da gonar da yake nomawa.

Nan take aka daina gyaɗa kai.

Uzairu ya ce mata da Larabci, "Ustaza, sunayenmu kuma me za a yi da su? Ai ruwa muka nema."

Ta kira shi Ammi, wato baffa da Larabci, ta ce, "Ammi Uzairu, kamfanin da manoma zai yi yarjejeniya. Dole a san su waye manoman."

"Wata nawa abin zai ɗauka?"

"Shida. Wataƙila bakwai."

Ƙanensa Jibril, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya juya ya ce da Hausa, "To, wagga shekara ma ta tahi ke nan."

Kafin ta tafi ta manna kwafin dokar a bangon masallaci, shafi huɗu, ta ce duk mai so ya karanta. Uzairu ya bi motar da kallo har ta ɓace. A ransa ya riga ya gama shari'a. Yau a rubuta sunaye, gobe a ce wane da wane ba su da jinsiyya, jibi a kafa allo a gonakinsu. Ya hana kowa ba ta suna. Da ta dawo bayan mako guda, sai ta tarar da garin kamar an share. Wanda ta tambaya ya ce samad ya tafi ta'aziyya, alhali yana zaune cikin zaurensa yana jin muryarta.

Kwana goma bayan haka sai ga wani baƙo. Dogo ne, da farar jallabiya wadda ta sha guga, da rawani. Yana saukowa daga mota ya yi sallama da Hausa, irin Hausar da tsofaffi kaɗai suka rage suna yi. Ya ce sunansa Tahir, wakilin wani kamfani ne a Khartum. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Uzairu, ya kira shi Baffa. Ya lissafo nasa kakannin har zuwa wanda ya baro Sakkwato da ƙafa. Aka kawo tuwo da miyar kuka ya naɗe hannun riga ya ci har da neman ƙari. Washegari ya sa aka yanka raguna biyu aka yi agashe, irin tsiren can, gari ya ci nama.

Sai da suka keɓe da Uzairu a zaure Tahir ya rage murya.

"Baffa, na ji wata ta zo muku da warga, wato takarda, tana biɗar sunaye. Kun ba ta?"

"Ba mu ba ta ba."

"Alhamdu lillahi. Wallahi Allah ya tsare ku. Kai ka san mutanen ga. Sunaye suka so, su tace, su hidda wanda ba shi da jinsiyya. Mu dai mun san abin da munka gani a ƙasag ga."

Jama'a, a nan ne aka kama Uzairu. Mutumin da bai taɓa yarda da awon mai shago ba, yau ga wanda ya faɗa masa abin da ke cikin zuciyarsa kalma da kalma. Wani sanyi ya ratsa shi. Shekara da shekaru ana ce masa ya cika zargi, yau ya samu ɗan'uwa.

Tahir ya ce kamfaninsu zai kawo babur uku cikin wata guda. Ba shela, ba ambulan, ba jerin sunaye. Tunda gonakin duka da sunan Baffa suke, hannunsa kaɗai ya wadatar. Ya zaro wata takarda daga jaka ya nuna masa daga nesa, ya mayar.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka taru a gindin darbejiya. Jibril ya yi ta zuba, yana cewa ɗan'uwa ya zo har gida, me ake jira. Uzairu ya miƙa wa Tahir hannu, liman ya ja Fatiha, gari duka ya shafa. Aka sa ranar Alhamis mai zuwa za a zo da lauya a sa hannu. Mata suka yi guɗa a cikin gidaje.

Da la'asar Uzairu ya bi ta gidan Gwaggo Mairama, ƙanwar mahaifinsa. Tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa namiji, kuma tana cikin waɗanda har yau ba su da jinsiyya. Ya same ta tana tsince riɗi a faifai. Ya ba ta labari da murna.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Madalla. To, cikin wargar tashi, a wane layi sunana yake?"

"Gwaggo, ai abin da munka guje ma ke nan. Babu sunan kowa."

"Sai naka."

"Sai nawa."

"To." Ta hure ƙaiƙayi. "Ita waccan macce ta liƙa tata ga bango, har awaki na kallo. Shi wanga tashi tana ina?"

"Tana cikin jaka tai."

"Ka karanta ta?"

Uzairu bai karanta ta ba. Shi da ke zura hannu cikin buhun taki, bai ko riƙe takardar ba. Kunya ta kama shi, ya yi sallama ya fita.

Washegari ya aika wa Tahir cewa a ba shi takardar ya duba kafin Alhamis. Amsa ta dawo da zaƙi: takardar tana wurin lauya ana gyara ta, Baffa ya kwantar da hankalinsa. Hankalin Baffa kuwa tashi ya yi. Tsohon halinsa ya farka, yanzu kuma mutum biyu yake zargi, bai san wanda ya fi ba.

Ranar Litinin da sassafe ya hau motar kasuwa zuwa Sinja, bai gaya wa kowa ba. Kada ku ɗauka neman shawara ya je. Ya je ne ya titsiye Ustaza Hanaa, ya kama ta da ƙarya, ya dawo da zuciya ɗaya ya sa wa Tahir hannu.

Ya same ta a wani ƙaramin ofis, fanka na juyawa da ƙyar. Ta gane shi. Ba ta yi masa maganar ta'aziyyar da aka ce ya tafi ba. Ta ba shi kujera, ta sa aka kawo shayi. Bai sha ba.

Ya ce, "Ina so ki karanta mini dokar nan tun daga farko. Duk inda na ce ki tsaya, ki tsaya."

Ta ɗauko ta fara. Ya tsayar da ita ya fi sau ashirin. Wa ke riƙe ambulan kafin ranar buɗewa? In ɗan'uwan shugabanku yana da kamfani fa? In injin ya mutu bayan shekara, wa zai gyara? Tana amsawa tana nuna masa layin da yatsa, shi kuma yana bi a hankali da karatunsa na allo. Inda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Aka kira azahar, suka tashi suka yi salla, suka dawo suka ɗora.

Can ya jefa mata tambayar da ta kawo shi. "Wanda ba shi da jinsiyya fa? Ki rantse mini ba za a ƙwace gonarsa ba."

Ta ajiye takardar. "Ba zan rantse maka a kan abin da ba ya hannuna ba, Ammi. Ban san wanda zai zauna a kujerar nan bayana ba. Abin da na sani shi ne wannan." Ta miƙo masa fom ɗin rajista. "Doka ta ce a rubuta wanda ke noma gonar, da shaidar maƙwabta biyu. Duba ka gani ko akwai gurbin jinsiyya."

Ya duba gaba, ya duba baya, har ya ɗaga shi wajen hasken taga. Babu. Abin ya ba shi haushi, don ya so ta rantse. Da ta rantse da ya san maƙaryaciya ce.

Sai ta ce, "Ni ma in tambaye ka. Yau in Allah ya karɓi ranka, gonakin nan sittin na wa za su zama a gaban alƙali?"

Bai taɓa kallon abin ta nan ba. 'Ya'yansa maza uku suna Khartum. Ƙaramin cikinsu ma ko gaisuwar Hausa sai ya haɗa da Larabci. Ba su san Fatihar da aka shafa kafin a haife su ba, ba su san iyakar gonar Gwaggo Mairama ba.

Daga nan bai san lokacin da ya ba ta labarin Tahir ba. Ta saurara har ya gama. Ba ta zagi mutumin ba.

Ta ce, "Ban san shi ba, ba zan ce ɓarawo ne ba. In kamfaninsa na da injina, ƙofa a buɗe take, ya kawo ambulan ɗinsa kamar kowa. Amma ka sani, dokar nan tana kare wanda ya bi ta cikinta ne. Kamfanin da ya zo ta hannunmu ba shi da ikon jinginar da gona, kuma shekarunsa a ƙayyade suke. In kai da kanka ka je gaban lauya ka ba wani wakilci a kan ƙasar da ke da sunanka, ba ni da ikon hana ka. Ka sa a karanta takardar da ƙarfi a gaban mutane. Ka kasa kunne ka ji shekara nawa ce, kuma ka ji ko akwai maganar jingina."

Ranar Alhamis gari ya cika a gindin darbejiya. Tahir ya zo da lauya da tambarinsa. Aka ajiye tebur, aka miƙo wa Uzairu alƙalami.

Ya ce, "A karanta muna ita tukuna. Kowa shi ji."

Tahir ya yi murmushi. "Baffa, tsakaninmu? Larabcin lauyoyi ne, ciwon kai kawai."

"Muna da kan. A karanta."

Lauya ya fara, yana gudu kamar mai tsoron mota ta bar shi. Uzairu ya ce ya sassauta. Sai ga shekara ashirin da biyar ta fito. Ba a yi nisa ba sai ga ɗayar: mai ƙasa ya ba kamfani cikakken wakilci, har da ikon jinginar da ita a banki.

"Tsaya nan. Maimaita."

Ya maimaita. Aka fara ƙus-ƙus.

Tahir bai girgiza ba ko kaɗan, gwanin magana ne. Ya ce wannan layi al'ada ce kawai, kowace takarda da shi, banki ba ya sakin injina sai ya gan shi. Ya juya ga jama'a ya ce, "'Yan'uwa, ni na zo da ƙauna. In an fi yarda da baƙuwa bisa ɗan gida, ba komi. Amma dai an shafa Fatiha, kuma kunnena bai taɓa jin inda Hillar Mato tat tada Fatiha ba."

Nan ya taɓa su inda ke ciwo. Jibril ya miƙe yana huci. "Yaya, shekara biyu muna kallon ƙasa tana tsagewa. Ɗiyanmu sun watse. Yanzu ruwa ya zo bakin ƙofa, zargin naka ya motsa? Kai kam miƙa hannu gaban liman. Kana so a ce muna mutanen da ba su da magana ɗaya?"

Mutane da yawa suka goya masa baya. Uzairu ya dube su. Yunwa ce ke magana, ya sani, kuma ba shi da wata hujja a hannu sai layi ɗaya a takarda da kuma zuciyarsa da ta ƙi kwanciya. In ya ƙi sa hannu, ya zama mai tada Fatiha har ya mutu, kuma ba wanda zai bi shi wurin rajista. In ya sa, ya ɗora gonar Gwaggo Mairama da ta marayu a kan maganar mutumin da ya sani kwana goma sha biyu.

Ya daɗe yana juya alƙalamin. Sannan ya miƙe tsaye.

"Gaskiya ne, ni na miƙa hannu, kuma ba ni tada Fatiha. Amma mutum ba shi alkawari da abin da ba nashi ba. Cikin gonakin ga sittin, guda ce tawa, faddan biyar, kamar eka biyar ke nan, daga tsamiya zuwa bakin ruwa. Sauran amana ce anka ba babana. Lauya, sake rubutawa. Tawa na ba shi, da jinginar da komi. In babur ya zo, ga gonata za ku fara ganin ruwa, sannan kowa shi ba da tashi da hannunshi, ni ma in roƙe ku gafara. Kafin nan, kowa shi tai a rubuta sunanshi."

Liman ya matso ya ce masa a hankali ba dole ba ne, alkawarin da aka ɓoye wani abu a cikinsa ba ya ɗaure mutum. Uzairu ya ce ya sani, amma in bai yi haka ba garin ba zai natsu ba.

Fuskar Tahir ta canza na ɗan lokaci, sannan murmushin ya dawo. Gaban jama'a ne, ba shi da hanyar ƙi. Aka sake rubutawa, Uzairu ya sa hannu. Gonar nan ita ce abincin gidansa, kuma zuciyarsa ta riga ta gaya masa ba za ta dawo ba.

Mako na gaba Ustaza Hanaa ta dawo da fom ɗinta. Uzairu da kansa ya zauna kusa da ita yana kiran sunaye, kowa da maƙwabtansa biyu. Wasu suka zo suna gunaguni, wasu sai da aka je har gida. Da ta ji abin da ya yi da gonarsa, ta daɗe tana kallonsa.

Watannin da suka biyo baya sun yi masa ɗaci. Shekarar ta wuce ba ruwa, kamar yadda Jibril ya faɗa. Aka daina zama a zaurensa. In ya doso majalisa sai hira ta mutu. Jibril ya yi wata huɗu bai taka gidansa ba. Tahir kuwa wata ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama biyar. Kullum injinan suna tashar jirgin ruwa, saura sa hannu ɗaya. Daga baya wayarsa ta daina shiga.

A wata na bakwai aka kira wakilan manoma Sinja. Ambulan huɗu ne a kan tebur, babu na kamfanin Tahir. Uzairu, kun san hali, sai da ya ɗauki kowanne ya shafa bakinsa da babban yatsa ya tabbatar ba a taɓa buɗe shi ba. Shugaban zaman ya ɓata rai, Ustaza Hanaa ta ce a bar shi, doka ta ba shi. Aka buɗe, aka karanta da ƙarfi, aka zaɓi ɗaya.

Ba zan ce muku kamfanin da ya ci mala'iku ne ba. Sun yi jinkiri, kuma an sha rigima da su a kan rabo. Amma duk lokacin da aka yi rigimar akwai takardar da za a buɗe, da sunan kowa a ciki. Kafin shuka ta gaba babur ya yi ƙara a bakin kogi, ruwa ya biyo magudana.

Dawa ta kai gwiwa ke nan sai ga wasu mutane biyu daga wani banki. Suka tambayi gonar da ke tsakanin tsamiya da bakin ruwa, suka kafa allon ƙarfe a tsakiyarta. Ashe Tahir ya haɗa ta da gonakin wasu ƙauyuka biyu da suka ba shi wakilci gaba ɗaya, ya jinginar, ya karɓi abin da zai karɓa, ya ɓace. Waɗancan ƙauyukan har yau suna zirga-zirgar kotu.

Mutanen Hillar Mato suka taru a bakin gonar. Ko'ina kore shar, sai wannan fili ɗaya a bushe da allo a tsaye. Jibril ya karanta abin da ke jiki, ya juya ya dubi tasa gonar da ke maƙwabtaka da ita, kunya ɗaya ce ta raba su. Ya zauna a ƙasa.

Uzairu yana can bakin magudana da fartanya, yana buɗe wa gonar wani ruwa. Aikinsa ke nan kowace safiya: ya shayar da hamsin da tara, ya wuce tasa. Abin yana ci masa rai, ba ya ɓoyewa. Wani lokaci in ya zo daidai tsamiyar sai ya kau da kai.

Jibril ya taso ya same shi. Ya tsaya a gabansa yana hawaye.

Uzairu ya ce, "Bari, Jibril. Ni na fara kai ku gare shi. Ni ya kamata in biya."

Gwaggo Mairama ce ta iso ƙarshe, tana dogara sanda. Ta dubi allon, ta dubi jama'ar da suka yi cirko-cirko.

"To, kun tsaya kallo? Mutum ya ci wuta dominku, sai ku ba shi hawaye shi kai gida a dafa?" Ta juya ga ɗan ɗan'uwanta. "Uzairu, ni ƙarfina ya ƙare. Gonata tana nan, yanzu da sunana, ina da ikon in ce. Ka noma ta mu ci tare har in mutu. Sauran ku kuma kowa ya san abin da ya kamace shi."

Da kaka ta yi, Uzairu bai san wanda ya fara ba. Ya dai fito da safe ya ga jaki a ƙofar gidansa ana sauke dawa, wani na bayansa, wani kuma ya karyo kwana. Har rana ta take ba su daina zuwa ba. Ya tsaya a bakin zaure, kuma a karon farko a rayuwarsa aka kawo masa buhu bai kwance bakinsa ya duba ba. Matarsa ta leƙo ta ce a ina za a zuba, rumbu ya cika. Dattijon ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da rawaninsa, ya yi kuka.

Darasi: Mai yawan zargi ya fi kowa sauƙin kamawa, domin duk wanda ya taya shi tsoron da ke ransa sai ya buɗe masa ƙofa. Kada ka auna mutum da harshensa ko da asalinsa. Ka duba ko zai yarda a karanta takardarsa da ƙarfi a gaban kowa. Hanyar doka tana da jinkiri da gajiya, amma wanda ya ce maka a zagaye ta don ana sauri, ka tambayi kanka me yake gudun a gani. In kuma amanar mutane ce a hannunka, kada ka gwada sa'a da ita. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman masu riƙe da gonar gado ko filin jama'a, wataƙila wani yana dab da sa hannu a kan abin da bai karanta ba.